Jinyar Da Aka Yi Mini Ina Da Lafiyata

Shekarun baya, lokacin da hanyoyin ƙasar nan ke da kwanciyar hankali, abokina ya dube ni a gaban mutane ya ce abin da na yi niyya ba mai yiwuwa ba ne. Cewa ya yi ba a taɓa yi ba, kuma ba daga kaina za a fara ba. Sauran dattawan da muke zama tare bayan la'asar suka gyaɗa kai, har da liman. Niyyar kuwa ba wata babba ba ce. Na aje aikin koyarwa bayan shekara talatin da shida, na ce zan tashi daga nan Tanut ta yankin Damargu in zaga ƙasarmu in gan ta da idona, ba gaisuwar mutuwa, ba biki, ba fatauci. In je, in gani, in dawo.

Wannan aboki taubashina ne, mutumin Balbeji, amma yakan zo nan ya yi kwanaki wurinmu. Aikin dabbobi ya yi, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin garkuna da allura tsakanin Tanhiya da Olelewa. Idan zai yi mini ba'a yakan kira ni Darakta, ni kuma in kira shi likitan jakai, kuma tun muna samari ba mu taɓa gaisawa ba tare da ɗayanmu ya soki ɗaya ba.

Ya ce, "Darakta, mutumin Damargu ba ya barin gidansa sai da dalili. Duk ƙofar da ka yi sallama, tambayar farko ita ce, lafiya? Me za ka ce musu?"

Na ce, "Zan ce lafiya lau."

Ya ce, "To, ka ce."

Dole in bayyana abin da ke ƙarƙashin wannan niyya, ko da yake akwai kunya a cikinsa. Na koyar da labarin ƙasa ga yaran da yau wasunsu sun yi furfura. Kowace shekara nakan zana taswirar Nijar a allo ba tare da na dubi littafi ba, sannan in ɗauki shuɗin alli in ja Kogin Isa ya ratsa kusurwar yamma. Na san inda ya shigo ƙasar, na san inda ya fita, na san garuruwan bakinsa a jere kamar yadda na san sunayen ƴaƴana. Amma ban taɓa ganinsa ba. A Damagaram na yi makarantar horon malamai, duk ƙauyukan da aka tura ni ba su wuce wannan jiha ba, takardun aje aikina ma a Damagaram aka ƙare su. Ruwa mafi girma da na sani shi ne tafkin damina wanda ke ƙafewa kafin a gama sussuka. Babu yaron da ya taɓa tambayata ko na ga kogin, domin a zamaninmu ba a yi wa Mushe, wato malamin makaranta, irin wannan tambaya. Ni ne na riƙa yi wa kaina ita, kuma na ƙudura ba zan mutu da ita ba.

Na tsara tafiyar a takarda, da layi da komai. Agadas kwana uku, domin hasumiyar masallaci da duwatsun Abzin. Tawa kwana biyu. Daga nan in bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, in tsaya Kure in ga raƙuman dawa. Yamai kwana huɗu, wurin ɗana da ke aikin gwamnati a can, kuma duk kwanakin huɗun na kogi ne. Sannan in dawo gida kafin a fara yankan hatsi.

Kuskuren farko nawa ne, ba na musun wannan. Mahaifina ya hore ni cewa babba ba ya sulalewa daga gari kamar wanda ya yi laifi. Don haka na sa farar rigata na bi gidajen dangi da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ina cewa, "Zan yi tafiya mai ɗan nisa, ina so in huta. In na saɓa muku a wani abu, ku yafe mini." Da na dawo na ba maiɗakina mabuɗin rumbu, na nuna mata inda takardun gida suke. Ni a wurina wannan tsari ne. A wurin mutane wasiyya ce. Suka zauna suka yi lissafi: babu wanda ya rasu, babu aure, ba lokacin hajji ba ne, kuma Mushe bai taɓa sayar da ko kaza ba. Tsoho ya nemi gafara, ya ce zai huta, ƙarshen hanyarsa kuma Yamai, inda manyan likitoci suke. Amsa ɗaya ta rage musu, suka ɗauke ta.

Ban gane ba. Ranar tafiya maiɗakina ta tsayar da ni a zaure ta ce, "Malam, shekara arba'in muna tare. In likita ya faɗa maka wani abu, ni ce na fi cancanta in ji."

Na ce, "Wane likita?"

Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya sawwaƙe."

Na ɗauka irin maganar mata ce idan miji zai yi nisa. A tasha na tarar da jama'a kamar ana rakiyar alhaji, na ji daɗi, na ce a raina ashe garin nan ya san darajar malami. Liman ya yi addu'a mai tsawo. Abokina ya kama hannuna da hannu biyu, bai ce uffan ba. Da ina da wayon da nake zaton ina da shi, wannan shirun ya ishe ni gargaɗi.

Hanyar arewa ita ce abin da na mora ba tare da an tsare ni ba. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta rufe ƙasa, gonakin hatsi suka yi ta raguwa har suka ƙare, itatuwa suka gajarce, sai raƙuma da bukkokin makiyaya. A Adarbisanat na sayi cuku na ci da shayi a tsaye, babu wanda ya san ni. Da muka doshi gangaren Tigidit na fito da littafina na rubuta abin da na gani, ina jin kaina kamar masu binciken da muka karanta a makaranta.

A tashar Agadas tsohon ɗalibina yana jirana. Yanzu babban ɗan kasuwa ne mai tumbi, ya zo da mutum huɗu da kujera. Sai da suka ajiye ta a bakin ƙofar mota na fahimci cewa nufinsu su ɗauke ni a kanta.

Ya durƙusa ya ce, "Mushe, sannu. Yaya jiki?"

Ku masu karatu, ku tsaya ku yi tunanin wannan tambaya, domin ni na yi mako biyu ina tunaninta. Harshenmu bai tanadi hanyar fita daga cikinta ba. In ka ce da sauƙi, ka amsa cewa akwai ciwo. In ka ce alhamdu lillahi, ka zama majinyaci mai haƙuri. Na zaɓi ta uku, na miƙe tsaye sosai na ce, "Lafiyata ƙalau. Yawon gani na zo."

Ya juya ya dubi mutanensa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Kun ji ko? Haka yake tun muna yara. Ranar da kunama ta harbe shi a aji, sai da ya ƙare karanta mana dikte muna rubutawa kafin ya zauna."

Na tambaye shi wa ya gaya masa ba ni da lafiya. Ya ce Baba na Balbeji ne ya kira shi, ya kuma gargaɗe shi kada ya nuna mini an sani.

Aka sa ni a ɗakin can ciki, aka saki labule. Kwana uku duk ɗan Damargu da ke zaune a Agadas sai da ya zo, suna shiga biyu biyu, kowa ya tambayi jiki sau uku kafin ya zauna, sau biyu kafin ya tashi. Na ce wa mai masaukina ina so in hau hasumiya. Ya ce, "Mushe, matakalar nan ƙunci gare ta, masu lafiya ma da rarrafe suke hawa." Na ce to a kai ni Timiya in ga lambuna cikin duwatsu. Ya ce hanyar ba ta da kyau, za ta girgiza mini abin.

Na ce, "Wane abin?"

Ya sunkuyar da kai. A nan na gane babu wanda ya san sunan ciwon nawa. Wani ya ajiye shi a hanta, wani a zuciya, wata tsohuwa ta dafa gwiwata ta yi mata addu'a. Hasumiyar da na yi shekaru ina kwatanta wa yara, na gan ta daga wurin alwala, bayan na taka bulo na leƙa ta kan katanga. Abin da ya bayyana bai wuce kamu biyu na ƙololuwarta ba, da itatuwan da suka fito daga jikinta. A haka matar gidan ta same ni, ta ruga ta kira mijinta, aka riƙo ni ta hammata aka sauko da ni daga kan bulo guda.

Na kira abokina a waya. Na ce, "Kai likitan jakai, me ka gaya wa mutane?"

Ya ce, "Ka samu ka ci abinci kuwa?"

Muryarsa a tausashe, babu Darakta, babu komai. Na ce masa in yana ƙaunar Allah ya zage ni kamar yadda ya saba. Ya ce, "In ka warke."

Daga Agadas zuwa Tawa an bar ni na shiga motar haya, bayan an ja wa direba kunne. A Tabalak na ga ruwa shimfiɗe da masu kamun kifi, na sauka na sayi soyayye na ci a ɓoye bayan motar, ni da na yi shekaru ina hana yara cin abinci a kan hanya. Ban san shi ne gishirin ƙarshe da zan ɗanɗana na kwanaki ba.

A Tawa tsohuwar ɗalibata ce ta karɓe ni, kuma ita babbar ma'aikaciyar jinya ce. Labari ya riga ni isa, ya kuma yi ƙiba a hanya. Kafin in cire takalmi ta ɗaura mini abin awon jini a dantse. Ta duba, ta sake dubawa.

Ta ce, "Mushe, ya ɗan hau."

Na ce, "Ƴata, fushi ne. Ku ne kuke hawar da shi."

Ta ce, "Kowa haka yake cewa, Mushe."

Ta cire mini gishiri, ta cire nama, ta cire shayi. Goron da ke aljihuna, a durƙushe ta roƙe shi, da ladabin da ba zan iya ƙi ba, ta ƙulle shi a gefen zanenta. Na tuna ta tana ƴar shekara bakwai tana kuka a kan lissafin ɗebewa, na zauna da ita bayan an tashi har ta gane. Ta gane kuwa. Washegari kasuwar garin ta ci, wadda na sa a takardata da jan layi. Na ji kukan shanu da hayaniyar mutane daga kan katifa, da kwanon kunu a gabana.

Ta ce ba zan sake shiga motar haya ba. Ta ba ni motar mijinta da direbansa, wani magidanci mai gemu wanda ba ya dariya, ta umarce shi kada ya tsaya sai domin salla. Muka wuce Ƙonni ban taka ƙasarta ba. Jajayen duwatsun Dogon Dutsi suka taso a gabanmu suka koma bayanmu, ina juya wuya kamar yaro. A Doso ya ce mu yi azahar, na ce akwai sauran lokaci, matafiyi yana da rangwame, mu ƙara gaba. Na ja shi har Kure. Muka yi salla a gefen hanya, na sallame na tarar da wani manomi yana kallonmu. Na tambaye shi raƙuman dawa. Ya ce da safe suna nan, yanzu sun koma bayan wancan kurmin, tafiya kaɗan ce.

Na dubi direba. Ya ce, "Baba, Madam ta ce taku goma daga mota."

Na ce ni na koya wa Madam ƙirga. Ya ce ya sani, amma ita ce ke tambayarsa in ya koma. Da ya ga fuskata sai ya tausaya mini, ya duba ƙasa, ya kira ni ya nuna mini sawu ɗaya a cikin laka, faɗinsa kamar faranti. Na tsaya a kansa. Abin da na rubuta ke nan a littafina game da Kure: sawu.

Na isa Yamai da abu ɗaya da ya rage mini. Hanyar da muka shigo ba ta bi ta bakin ruwa ba, gidan ɗana kuma yana wata unguwa can gabas. Bayan gaisuwa na ce, "Ina kogi?"

Ya ce, "Yana nan, Baba, babu inda za shi. Gobe da safe muna da likita."

Na yi masa bayani tun daga farko, da natsuwa, kamar yadda nake bayyana darasi. Ya saurara da ladabi har na gama, matarsa tana bakin ƙofa tana share ido. Sannan ya ce, "Baba, mun girma. Ba sai ka ɓoye mana ba."

Kwana na farko aka ɗebi jinina. Kwana na biyu muka koma, likita ya ce bai ga komai ba. Na dubi ɗana da fuskar wanda gaskiyarsa ta fito. Shi kuwa sai ya ƙara damuwa, ya ce ciwon da awo bai gani ba shi ne abin tsoro, kuma wurin nan ba su da na'ura mai kyau. Kwana na uku ya kai ni wani wurin, aka ɗauki hoton ƙirjina. Likitan ya ce ɗana ya jira a waje. Ya ɗaga hoton ya duba, ya saurari bayana, ya ce, "Baba, me ke damunka?"

Na ce, "Mutane."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce duk abin da nake ci da yadda nake tafiya, in ci gaba da su.

Na fito na hango ɗana a ƙarshen baranda, waya a kunne, ina jin yana tambayar wani ko likita na uku zai iya ganinmu gobe. Goben nan ita ce ranata ta ƙarshe. Na tsaya na yi tunani. Gaskiya na faɗa a Tanut, na faɗe ta a Agadas, na faɗe ta a Tawa, ta saya mini labule da kunu da sawu a laka. In na sake faɗinta yanzu, zan koma gida daga Yamai ban ga kogi ba, kuma a shekaruna ba na yi wa kaina alkawarin dawowa.

Ya iso ya ce, "Baba, me ya ce?"

Na ce, "Ya gano shi."

Ban taɓa ganin sauƙi ya sauka a fuskar mutum kamar yadda ya sauka a tasa ba. Ya ce, "Mene ne?"

Na ce, "Gajiya ce ta shekaru, ta taru a ƙirji. Ba ta son ƙwaya, ba ta son allura. Ya ce in wuni a bakin ruwa mai gudu, ni kaɗai, kada a yi mini magana, kada a tambaye ni jiki. Daga nan in koma gida, iskar garinmu ta ƙarasa sauran."

Ya fito da takarda ya rubuta. Ya tambaya ko kafin abinci ne ko bayan abinci. Na ce likita bai ƙayyade ba, amma ya ce a mayar mini da nama. Ni ne mutumin da ya sa yara durƙuso a rana saboda ƙaryar da ba ta kai rabin wannan ba.

Washegari da hantsi ya kai ni. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata bishiya, ya ajiye matashi da bargo da butar shayi, ya bi masu wanki da ke kusa ya roƙe su kada su dame ni, sannan ya koma mota can nesa ya zauna.

Abin da ya fara buge ni shi ne launi. Ja ne, launin kunun dawa, saboda ƙasar da damina ta kwaso. Shekara talatin da shida ina ja wa yara shuɗin layi. Sai faɗi. Na san shi a lamba, amma lamba ba ta gaya mini cewa mutumin da ke wancan gefen zai koma kamar ƙwayar wake ba. Ba ya ƙara kamar yadda na zata. Tafiya yake yi kawai, da nauyi, kamar babban garke da ya san hanyarsa. A kan gada motoci suna wucewa, a tsakiyarsu raƙumi ɗauke da tabarmi, bai kula da kowa ba. Na karya ɗan kara na jefa, na bi shi da ido domin in tabbatar da darasina. Ya nufi kudu maso gabas. Wannan dai ban yi wa yara ƙarya ba.

Na cire takalmi na naɗe wando na sa ƙafa. Sanyin ya hau mini har ƙeya. Na daɗe a haka. Wani masunci ya zo zai kwance jirginsa, bai ji gargaɗin ɗana ba, ya gaishe ni da Zabarmanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, kuma ban taɓa jin daɗin gaisuwa kamar wannan ba, domin ko jikina ya tambaya, ban sani ba. Ya nuna jirgi, ya nuna ni. Na waiga, na ga ɗana ya jingina kai da kujera. Na shiga.

Ba zan ce na yi jarunta ba. Da jirgin ya bar gaɓa na kama gefensa da hannu biyu, na karanta duk abin da na haddace, hulata ta karkace ban iya gyara ta ba. Masuncin yana ta magana yana dariya. Amma da muka kai tsakiya ya daina tuƙi, ruwa ya ɗauke mu a hankali, na saki hannu ɗaya na tsoma shi. Babu wanda ya san ni a wurin, babu wanda ya aiko ni, babu abin da zan kai wa kowa. Da muka dawo ɗana yana tsaye a bakin ruwa, takalmansa na ofis sun nutse a laka. Ya buɗe baki, ya tuna umarnin likita, ya rufe.

Na dawo Tanut a motar da ba ta tsayawa, Maraɗi da Damagaram ta taga na gan su. Na tarar an yi mini saukar Alƙur'ani, an raba sadaka. Abokina ya bar gidansa a Balbeji ya tare a garinmu yana duba mini gona, kuma shi ya yanka akuya ranar da ya ji an gano ciwon. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Darakta, ashe mutuwa ma ta ƙi ka." Da na ji haka na san an sallame ni daga jinya.

Bayan kwana biyu na ja shi gefe na gaya masa komai, har ƙaryar da na yi. Ya saurara yana tauna goro. Ya ce, "Wato ka je Yamai, ka ga likita biyu, an faɗa maka magani, ka yi, ka dawo da ƙiba. Wannan a garinku shi ake kira yawon gani?" Na ce ni na ƙirƙiri maganin. Ya ce, "Amma ya yi aiki." Ɗana ma na roƙi gafararsa daga baya. Ya ce ba komai, sun san ba na son a damu ne.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Ban iya yin fushi da kowa ba yadda nake so, domin duk wanda ya tsare ni, ƙauna ce ta sa shi, kuma ban san inda ake kai ƙarar ƙauna ba. Abin da na fahimta shi ne mutanenmu ba su ajiye wa dattijo wurin sha'awa ba. Yawo na marasa aiki ne, buɗe ido na baƙi ne masu hular rana. Tsoho yana da izinin yin ciwo a ko'ina cikin ƙasar nan, za a ɗauke shi a kujera, za a yanka masa akuya, amma ba shi da izinin ya ce yana so ya ga dutse don dutse ne. Ƙasa mai wannan girma, ƴaƴanta suna ratsa ta daga gaisuwa zuwa gaisuwa, kansu a sunkuye. Ba na alfahari da ƙaryar da na yi, na kuma nemi gafarar Ubangiji a kanta. Amma ban taɓa iya cewa da ma ban yi ta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wannan. Makon jiya wata mata ta kawo mini takardar ɗiyarta in duba, na tambaye ta shekarun yarinyar. Ta ce, "Ai an haife ta shekarar da Mushe ya yi ciwo." Ta faɗa a gabana, ba ta ga wani abu a ciki ba. Ashe da shi ake ƙirga shekaru a unguwarmu, har da na rijiyar masallaci. Dattawa biyu kuma sun riga sun zo a asirce suna tambayata sunan likitan nan mai aika mutane bakin ruwa.

Ba zan iya gyara bakin gari ba, na gwada. Amma ku da kuke karanta wannan, musamman waɗanda suka zauna a ajina, kun san ban taɓa yarda da aikin da ba shi da kwanan wata ba. Ku rubuta, da kyakkyawan hannu: ban yi ciwo ba. Na ga Kogin Isa, na shiga tsakiyarsa da lafiyata, ranar Alhamis, goma sha tara ga watan Satumba, shekara ta biyu bayan na aje alli.